Linki dubu biyar, kuma ba wanda ya san shagon Kawu

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, ina zaune kan benci a bakin shagon kawuna da ke wajen Ƙofar Ƙaura, sai ga wani matashi ya faka babur, ya sauko da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ya durƙusa ya gaida Kawu, ya miƙo mini hannu. Kawu kayan sola yake sayarwa: faranti, batura, inbata, fitilu da injin ban ruwa mai aiki da rana. Ashe wata guda ke nan da ya ba yaron naira dubu saba'in, rabin kuɗin wani aiki da ake kira SEO, wanda aka ce zai kai shafin shagon layin farko a Google cikin sati uku. Ya zo ne ya nuna aiki ya karɓi ciko.

Ya ɗora kwamfutar kan kwalin batir ya buɗe. "Alhaji, ga su nan, linki dubu biyar cif. Duk shafukan nan suna nuna shagonka." Linki shi ne rubutun da ake sawa a wani shafi, in ka taɓa shi ya kai ka wani shafin.

Na roƙe shi ya buɗe mana guda uku, ko waɗanne ne. Na farko da haruffan Rasha aka rubuta shi. Na biyu shafin caca ne, cike da hotunan karta. Na uku dogon rubutu ne da Turanci kan abincin karnuka, a tsakiyar wani sakin layi an cusa kalmomi biyar da shuɗin rubutu: kayan sola masu arha Katsina.

Kawu ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "To yaro, mutanen ga sun san ni?"

"A'a Alhaji, ai ba sai sun san ka ba."

"To mi za su shaida a kaina?"

Tun ranar nake juya wannan tambaya a raina, kuma ita ta sa na zauna rubutun nan. Ra'ayina shi ne: mafi yawan abin da ake sayar wa 'yan kasuwar Katsina da sunan ɗaga shafi a Google shaidar zur ce aka naɗe da kalmomin Turanci. Kada mu biya kuɗinta, kuma kada 'ya'yanmu su mayar da ita sana'a. Sana'ar ta gaskiya tana nan, muna kuma da buƙatarta matuƙa, amma ba ita ce ke yawo shago-shago da jakar kwamfuta ba.

Me ya sa linki ke da daraja tun farko

Lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, dabarar da ta bambanta su da sauran injinan bincike mai sauƙin fahimta ce. Idan wani shafi ya sa linki zuwa naka, kamar ya ce wa masu karatunsa ne, ku je can, akwai abin amfani. Shafin da masu mutunci da yawa suka nuna, shi ake ɗagawa sama. Suka sa wa dabarar suna PageRank.

Mu nan ba baƙon abu ba ne. Idan an zo neman aure, ba saurayin ake tambaya halinsa ba. Unguwarsu ake zuwa, a tambayi liman, a tambayi maƙwabta, a tambayi wanda suka taɓa yin hulɗar kuɗi da shi. Maganar dattijo ɗaya da ya san shi tun yana yaro ta fi ta mutum ɗari da aka tara a tasha. Yanzu a ce saurayin ya ɗauko hayar mutum dubu biyar daga garuruwan da ba a taɓa jin sunansa ba, kowa ya ce yaron kirki ne. Wane uba ne zai ba da 'yarsa a kan haka? Abin da aka sayar wa Kawu ke nan.

"Ai yana aiki"

Wannan ce amsar farko da yaron ya ba ni, kuma ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba. Ya taɓa aiki. Shekaru da dama mutane sun ci kasuwa da linkin saye, har manyan kamfanoni. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta tona yadda katafaren kantin JCPenney na Amurka ke fitowa a sama kan kayayyaki barkatai saboda dubban linki da aka dasa a shafukan da ba su da wata alaƙa da shi. Google ya dankwafar da shafin kantin, ya koma can ƙasa inda ba mai kaiwa, har na tsawon watanni. A Afrilun 2012 kuma aka fito da tsarin da ake kira Penguin, wanda aikinsa farautar irin wannan linki ne.

Daga 2016 salon ya ɗan canza. Maimakon a hukunta kowane shafi, galibi sai injin ya yi watsi da linkin banza kamar babu su, kodayake har yanzu ma'aikatan kamfanin kan hukunta shafi da hannu idan abin ya yi yawa. Wato hanya biyu ce gaban Kawu: ko dai dubu saba'in ɗinsa ta tafi a iska, ko ta sayo masa matsala. Dabarar da aka rufe wa ƙofa sama da shekara goma ita ake kawo mana yau a matsayin sabon ilimi, don an san ba mu da yadda za mu duba.

Yaron ya so ya kafa mini hujja. Ya rubuta cikakken sunan shagon a Google, har da sunan unguwa, sai ga shi a sama. Kawu ya yi murmushi. Na karɓi wayata na rubuta abin da mai saye zai rubuta, wato batirin sola a Katsina. Muka sauka har shafi na huɗu, babu shi. Wanda ya riga ya san cikakken sunan shagonka ai ba sabon kwastoma ba ne. Duk ɗan kasuwar da aka nuna wa hoton waya aka ce ga ka nan a layin farko, ya fara tambaya: da wace kalma aka nema, kuma daga wane gari? Sakamakon da mutumin Daura zai gani daban yake da na mutumin Funtuwa.

Google da kansa ya rubuta a shafinsa na taimako cewa babu wanda zai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya, kuma a yi hattara da mai yin wannan alkawari. Ya kuma ce aikin gaskiya kan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfaninsa. Mai injin ya ce wata huɗu, kai an ce maka sati uku.

"To ai talla ce, talla kuwa halal ce"

Wani abokina da ke dillancin motoci ya ce mini na cika tsanani. A cewarsa duk kasuwa haka take, kowa kayansa yake kambamawa, kuma biyan wani ya yabi hajarka ba yau aka fara ba.

Gaskiya ne ba yau aka fara ba. Amma Bahaushe ya daɗe da raba maroƙi da mashaidi. Maroƙi idan ya ɗaga murya a wajen biki yana wasa Alhaji wane, kowa ya san za a ba shi kuɗi, har a gaban jama'a ake liƙa masa. Ba wanda aka yaudara. Wannan ita ce talla, kuma ba ni da ja a kanta. Ka biya gidan rediyo, ka biya Facebook, ka biya mai shafin labaran Katsina ya sa hoton shagonka, ka biya Google ya sa ka a sama da alamar cewa talla ce. Shi kansa Google bai hana linkin kuɗi ba, abin da ya ce shi ne a sa masa alamar da ke nuna na kuɗi ne, don kada a ƙirga shi a matsayin shaida. Tun 2005 akwai irin wannan alama, an kuma ƙara wata ta musamman don talla a 2019.

Matsalar ita ce mai sayar da linki dubu biyar ba ya son alamar, domin duk darajar hajarsa a ɓoye kuɗin take. So yake maroƙi ya shiga kotu da rawanin mashaidi.

A makarantar zaure an karantar da mu najashi, wato mutum ya tsaya a kasuwa yana ƙara wa kaya kuɗi alhali ba saye zai yi ba, don wani ya ruɗu ya saya da tsada. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Ni ba malami ba ne, fatawa ta malamai ce. Sai dai duk lokacin da na ga shago yana da taurarin yabo biyar-biyar har guda ɗari a taswirar Google, daga mutanen da sunayensu ba na ƙasar nan ba, kowa ya rubuta kalma biyu iri ɗaya a mako guda, najashi ne ke faɗo mini a rai. Wanda ake ruɗa ɗin ba injin ba ne kawai. Matar da ta tara kuɗin adashe wata shida don ta sayi batir ce, ta duba taurari ta yarda.

"Ka bar yara su nemi abinci"

Wannan ce hujjar da ta fi taɓa ni, don na san halin da ake ciki. Yaron nan ya gama karatun kwamfuta, ya yi bautar ƙasa, shekara biyu ba aiki. Bai tafi daba ba, bai zauna majalisa yana jiran a ba shi na kati ba. Da muka keɓe na tambaye shi inda ya samo linkin, bai ɓoye mini ba. Wani mutum ne a wata ƙasa yake sayarwa a intanet kan 'yan daloli kaɗan, manhaja ce ke watsa su dare ɗaya. Shi ma a bidiyo ya koya, kuma har zuciyarsa ya ɗauka aikin ke nan. Ban kira shi ɓarawo ba, kuma ba zan kira shi ba.

Amma tausayi ba zai sa in ce ya ci gaba ba. Katsina ƙaramin gari ne ta fuskar labari. Alhaji ɗaya ya gane an yi masa sakiyar da ba ruwa, kafin Juma'a duk layin shagunan sun ji. Daga nan duk matashin da ya shigo da kwamfuta, ko da aikin ƙwarai ya zo, za a ce masa Allah ya ba da sa'a. Linkin saye yana cinye amanar da yaran da ke tafe za su ci abinci da ita.

Kuma abin takaicin shi ne aikin gaskiya yana nan jibge, ba mai yi.

A fara da taswira. Google yana ba kowane mai shago damar sa kasuwancinsa a taswira kyauta, da lambar waya, da lokacin buɗewa da rufewa, da hotuna. Ya kuma bayyana abubuwa uku da yake dubawa idan mutum ya nemi wani abu kusa da shi: dacewar shagon da abin da ake nema, kusancinsa, da yadda aka san shi. A garin da adireshinmu shi ne "bayan masallaci, ka wuce mai shayi, shago na uku mai koren ƙyaure", ɗigon nan a taswira ya fi linki dubu biyar amfani nesa ba kusa ba. Shagon Kawu ya fi shekara goma a wurin, kuma ranar nan da muka duba, babu shi a taswira ko kaɗan. An tafi Rasha nemo masa shaida, ba a sa shi a Ƙofar Ƙaura ba.

Sai rubutu da Hausa, kuma nan ne nake ganin muna zaune kan dukiya ba mu sani ba. Na zauna a shagon nan sau da yawa, na ji tambayoyin da ake yi wa Kawu kullum. Faranti nawa zai ɗauki firji da fanka biyu? Me ya sa wuta ke raguwa da hunturu? Batirin ruwa ko na lithium, wanne ya fi jure zafin watan Afrilu? Manomin rani daga Ajiwa ko Jibiya yana son ya san injin da zai ja ruwa daga rijiyar burtsatse mai zurfi kaza, kuma cikin wata nawa zai mayar da kuɗin fetur ɗin da ya daina saye. Kawu yana amsa waɗannan a tsaye, yana ƙirga canji, har da zana lissafi a bayan kwali. Ilimi ne na shekaru, kuma ko layi ɗaya ba a rubuta ba.

Gwada neman irin waɗannan amsoshi da Turanci, za ka ga kamfanonin duniya sun cika wurin, ba inda ɗan Katsina zai sa ƙafa. Gwada da Hausa, fili ne fetal. Wanda ya zauna ya rubuta amsa goma masu kyau, da hotunan aikin da aka yi a Batagarawa ko Mashi, da farashi na gaskiya da ranar da aka sa shi, ba shi da abokan takara da yawa. Sai dai aikin na son wanda ya san yadda mutanenmu ke rubutu a waya. Da yawa ba sa sa ƙugiya a haruffa. Mai neman yadda ake goge ƙura a faranti zai rubuta kura ne, wani ya rubuta sola, wani ya rubuta da Turanci, wani ya haɗa biyun a jimla ɗaya. Mutumin da ke sayar da linki daga wata nahiya ba zai taɓa sanin wannan ba. Yaron nan ya sani, don haka yake rubutu shi ma.

Linki na gaskiya kuma ba su da wuyar samu kamar yadda ake zato, yawa ne ba su da shi. Kamfanin da Kawu ke sarin batura a wurinsa yana da jerin dillalansa a shafinsa, a nemi a sa sunan shagon. Makarantar da ya haɗa wa sola, idan tana da shafi, ta ambace shi. Ƙungiyar manoman rani da ya taɓa yi wa bayani, haka. Ƙila a shekara a samu shida ko bakwai. Kowanne daga cikinsu zai iya amsa tambayar Kawu, don ya san shi.

"Mu WhatsApp ya ishe mu"

Wasu kuma ta ɗaya gefen suke ɓullowa. Su a ganinsu duk maganar shafi da Google ɓata lokaci ce, ciniki a WhatsApp da TikTok yake.

Ga mutane da yawa haka ne, kuma ba zan ce wa mai ɗinki ko mai turaren wuta ta kashe kuɗi kan shafin da ba ta buƙata ba. Amma hoton da ka sa a WhatsApp wanda ya ajiye lambarka ne kawai zai gani. Ɗan bautar ƙasa da aka turo daga Enugu, ɗalibin da ya zo Jami'ar Umaru Musa Yar'adua, ɗan kasuwar Maraɗi da ya shigo ta Jibiya, ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki jiya, duk ba su da lambarka. Waya suke ɗagawa su nema. Sannan rumfar aro ce. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yuni har zuwa Janairun 2022, masu ciniki a can suka wayi gari ba kasuwa.

Shafin kanka ma sai ka tabbatar naka ne. Na tambayi Kawu da sunan wa aka yi rajistar adireshin shafin, bai sani ba. Da muka duba, da imel ɗin yaron aka yi, lambobin sirri duk suna hannunsa. Ba da mugun nufi ya yi ba, haka ya saba yi wa kowa. Amma adireshin shafi haya ce da ake sabuntawa duk shekara, kuma wanda sunansa ke kan rajista shi ne mai shi. Ranar da suka saɓa, ko yaron ya samu aiki a Abuja ya canza layi, shafin ya tafi. Ba ɗan kasuwar da zai yarda a rubuta takardar shagonsa da sunan magini, amma ga shi muna yin haka a intanet ba tare da mun sani ba.

Kawu bai biya cikon ba. Bai kuma nemi a dawo masa da dubu saba'in ɗin ba, ya ce shi ma da laifinsa da bai tambaya ba tun farko. Abin da ya ce wa yaron shi ne, cikon yana nan, amma na wani aiki ne: a mayar da rajistar shafin da sunansa, a sa shagon a taswira, sannan yaron ya riƙa zuwa duk Asabar bayan la'asar da littafi, ya zauna ya rubuta tambayoyin masu saye da amsar da ake ba su. Yaron ya ɗan yi jim, ya ce wannan ai zai ɗauki lokaci. Kawu ya ce, "Shekara goma sha ɗaya nike nan wurin, ina za ni?"

An fara da taswirar, sai aka ci karo da abin da ba wanda ya yi tunani. Kafin Google ya amince shagon na gaske ne, ya nemi a ɗauki bidiyo da ke nuna titi, da allon suna, da cikin shagon. Kawu ba shi da allo. Tsohon allon ya faɗi da iskar damina shekara uku da suka wuce, bai mayar ba, don a cewarsa kowa ya san wurin. Shekaranjiya na raka shi wajen mai rubutun allo, aka yi ciniki, aka ce a dawo ranar Laraba.